Cadillac ɗin da aka ɓoye a gareji

Ranar 21 ga Afrilu, 1976, wata farar mota ta fito daga masana'antar Cadillac da ke titin Clark a birnin Detroit, 'yan jarida na ta ɗaukar ta hoto. Eldorado ce mai rufin da ake naɗewa, kuma kamfanin ya tallata ta a matsayin autar irinta a Amurka. Cinikin motoci masu buɗaɗɗen sama ya riga ya ja baya. Na'urar sanyaya mota ta yaɗu, ga kuma fargabar gwamnati za ta tsaurara dokar kariya daga kifewar mota.

Jin kalmar "ta ƙarshe" ke da wuya sai aka yi wa dillalai caa. An ƙera 14,000 a wannan shekarar, bayan 8,950 na 1975. Ɗari biyu na ƙarshe duk iri ɗaya ne: farare da siririn layi ja da shuɗi, don bikin cikar Amurka shekara 200, kuma General Motors, uwar kamfanin Cadillac, ya riƙe ta ƙarshen. Kuɗin Eldorado ɗin a takarda dala 11,000 ne da 'yan kai, amma wasu sun biya kusan ninki. Da yawa ba don hawa suka saya ba. Gida suka kai ta, suka lulluɓe da tamfol, takardar farashi na manne a gilashi, suna jiran ranar cin ƙazamar riba.

Sai kasuwa ta yi halinta. A 1982 Chrysler ya fito da LeBaron mai buɗaɗɗen sama, Buick ya biyo da Riviera, a 1984 kuma Cadillac da kansa ya dawo da Eldorado irin wadda ya yi wa bankwana. Wasu masu motar 1976 suka maka General Motors a kotu, ba su yi nasara ba.

Lissafin nasu tun farko da gyara: dubban mutane sun ɓoye abu ɗaya a lokaci ɗaya. Shi ya sa har yau ake cin karo da ita a gwanjon Mecum da Barrett-Jackson da 'yar tafiya kaɗan a agogonta, ba ta zama abin nema ruwa a jallo ba.

Gogaggen mai saye ba ya yarda da agogon nan haka kawai, don lamba biyar gare shi, yana wuce mil 99,999 ya koma sifili. Sai ya tsuguna ya duba robar birki ko ƙafa ta cinye ta, ya shafa gefen kujerar direba, ya nemi rasit. Zama ma yana da tasa ɓarnar: fetur ya lalace a tanki, tayoyi su tsage, robar da ke tsakanin bamba da jikin motar ta rugurguje kamar busasshen ƙanzo. Kafin injinta mai lita 8.2 ya sake hawa titi lafiya, sai makaniki ya ci rabonsa.