Katin Nutso: Inda Aka Faro da Inda Muke Yau

Duk wanda ya shiga shagon kayan nutso a gaɓar Bahar Maliya ya ce a cika masa tulun iska, katin shaidar koyon nutso za a fara tambayarsa. Ba kati, ba iska. A yawancin ƙasashe ba gwamnati ce ta kafa wannan ƙa'ida ba. Masu sana'ar ne suka ɗora wa kansu ita, kuma sai da aka sha tsamo gawarwaki kafin su yi hakan.

A 1943 ne hafsan sojan ruwan Faransa Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ke sakar wa mutum iska da zarar ya ja numfashi, gwargwadon matsin ruwan da ke kansa. Gagnan ya samo dabarar daga wani bawul da ya ƙera wa motoci masu amfani da gas, lokacin da fetur ya yi wuya a Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙi na ƙarewa, na'urar ta shiga kasuwa da sunan Aqua-Lung. Mai kuɗi ya saya, ya saɓa a baya, ya faɗa teku, ba malami ba jagora.

Shi kuwa ruwa yana da dokokin da wayo kaɗai ba ya koya wa mutum su. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin gaɓa. Wanda ya cika ƙirjinsa daga tulu a can, tsoro ya kama shi ya riƙe numfashi ya yi sama, iskar za ta kumbura ninki biyu, huhu ya yage. Wato riƙe numfashin da gwanin iyo a kogi ya saba da shi tun yana yaro, shi ne ajalin mai tulu. Sai kuma iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a zurfi. In aka fito da gaggawa ta yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya, ta kama gaɓoɓi, wani sa'in ta shanye ƙafafu. Tun 1908 John Scott Haldane ya gwada wannan a kan awaki ya tsara wa sojan ruwan Ingila jadawalin fitowa daki-daki. Ilimin yana nan, amma a hannun soja.

Fito da shi ga talaka shi ne asalin sana'armu ta koyar da nutso. An kafa ƙungiyar BSAC a Landan a 1953. A 1954 hukumar gundumar Los Angeles ta Amurka ta fara horar da jama'a a ƙarƙashin Al Tillman da Bev Morgan, bisa darussan da Conrad Limbaugh ya tsara wa masu bincike a cibiyar Scripps. CMAS ta biyo a Monako a 1959, Cousteau ne shugabanta na farko. NAUI ta zo a 1960, PADI a 1966 ta hannun John Cronin da Ralph Erickson, sai SSI a 1970.

Horon wancan zamani na soja ne, domin da yawa daga cikin malaman daga bariki suka fito. Dattawan da suka koya mana suna ba da labarin yadda ake watanni ana abu ɗaya. A jefa kayanka ƙasan tafki, ka nitse ka sa su a can. Malami ya lallaɓo ta baya ya rufe maka iska ko ya fizge gilashin fuskarka, ya ga ko za ka firgita. Suna da hujjarsu: a lokacin mutane da yawa ba su da ma'aunin iska, sai numfashi ya yi nauyi ka ja wata sanda a jikin tulu ta sakar maka ragowar. In iskar abokinka ta ƙare, abin baki ɗaya za ku riƙa karɓa-karɓa har ku fito.

Kayan aiki ne suka sauya komai. Rigar da ake hura wa iska domin daidaita nauyi ta zo, ma'auni ya zama dole, kowa ya sami abin baki na biyu domin abokin tafiya. PADI ta yanyanka darasi gunduwa-gunduwa, ta mayar da shi abin da mai hutun mako ɗaya zai iya. Yau sabon shiga yana karatu, sau da yawa ta intanet, ya yi iyon mita 200, ya tsaya a saman ruwa minti 10, ya yi zama 5 a ruwa marar zurfi da nutso 4 a teku. Katinsa ya ba shi izinin mita 18, tare da aboki.

Ni ina goyon bayan wannan sauyi da zuciya ɗaya. Ya buɗe ƙofa ga mata, da dattawa, da yara daga shekara 10. Tsoratar da ɗalibi bai taɓa zama ilimi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu shaguna suka mai da horon kwana uku abin talla. Akwai darasin cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa. Ɗalibi ya cire, ruwan gishiri ya daki hancinsa, sai ka ga kafaɗunsa sun ɗage, kumfar da ke fita daga bakinsa ta tsaya cak, ƙafafunsa sun fara neman sama. Malamin kirki zai riƙe masa riga, ya jira kumfar ta dawo, su maimaita yau, su maimaita gobe, har hannun ya daina rawa. Malamin da jirgi ke jira zai ga an yi sau ɗaya da ƙyar, ya sa hannu a takarda. Katin su biyun iri ɗaya ne.

Mu da muka koyi aikin a Fot Sudan muna da abin tunawa a ƙofar gida. A Sha'ab Rumi ne Cousteau ya kafa ƙauyensa na ƙarƙashin teku a 1963, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. Rumfar da suke ajiye ƙaramin jirginsu tana nan, murjani ya lulluɓe ta, kuma zurfinta bai fi ƙarfin sabon mai kati ba. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tsayar da zuwan baƙi, ya watsa malamai da yawa zuwa wasu gaɓoɓin.

Kai da kake shirin neman kati, ko a Masar ne ko Zanzibar, kada tambarin ƙungiya ya ɗauke maka hankali, domin ƙa'idojinsu kusan ɗaya ne. Tambayi malamin ɗalibai nawa yake shiga ruwa da su a lokaci guda, kuma me zai yi in ka kasa darasi a rana ta biyu. In ya ce ba wanda yake kasawa a wurinsa, ɗauki kuɗinka ka nemi wani.