Madatsar Bagauda da Ambaliyar 1988

Tun ba a gama Tiga ba, Bagauda na aiki. A zamanin Gwamna Audu Bako, wajen 1970, aka tare ruwa a ƙasar Bebeji, aka raɗa wa tafkin sunan sarkin Kano na farko. Madatsar ba wata babba ba ce, amma da ruwanta aka gwada noman rani a Kadawa, har otal aka gina a bakinta.

To, da ƙasa aka yi bangon, ita kuwa ƙasa da ruwa ya sami kafa sai zaizaya. Cikin Agustan 1988, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ɓalle, ta ci gidaje da gonaki da rayuka. Talakawan gangare, waɗanda ba baƙin otal ba ne, su abin ya faɗa wa.