Horon Ƙwarewa ga Likitocin Gashi a Fannin Jijiyoyi

Horon ƙwarewa a fannin jijiyoyi ƙarin karatu ne da likitan gashin jiki yake yi bayan ya sami lasisi, domin ya goge wajen kula da masu shanyewar ɓarin jiki, raunin laka, bugun ƙwaƙwalwa da cutar Parkinson.

A Amurka, hukumar ABPTRFE ce ke tantance shi. Sharaɗinta awa 1,800: 1,500 a kan majinyata, 300 a darasi. Galibi shekara guda ake yi. Mai karɓar horon yana aiki a gaban gogaggen malami, yana koya wa majinyaci tashi daga kujera, tsayuwa ba tangaɗi da riƙe cokali. Daga nan sai jarrabawar samun lambar ƙwarewa ta NCS.

Buƙatar irin waɗannan likitoci tana da yawa a Carolina ta Arewa, ɗaya daga jihohin Amurka da shanyewar ɓarin jiki ta fi kisa. A Greensboro, asibitin Moses Cone, wanda aka buɗe a 1953, yana da sashen farfaɗo da irin waɗannan majinyata, yayin da Jami'ar Duke a Durham take ba da horon.