Madugu a Cikin Zomaye: Shugabanci a Littafin Watership Down

Masu sharhi kan jera Watership Down na Richard Adams, wanda ya fito a 1972, tare da littafin George Orwell da Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Gandun Dabbobi a 1975. A ganina kwatancen bai zauna ba. Orwell yana magana ne a kan yadda mulki ke ruɓewa bayan juyi, shi kuwa Adams labarin ayari ya bayar, kuma mai karatu a Nyohini ko Zangon Tamale ya fi Baturen Ingila kusa da fahimtar wannan, domin fataucin goro zuwa Gwanja da watsewar Salaga a yaƙin 1892 su ne suka kafa zangogi da dama a arewacin Gana.

Ayarin fatake yana da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da malami, da uban dawaki. Madugu ba sarauta ya gada ba. Ranar da ya kai mutane ga halaka, ranar za a watse a bar shi. Haka Hazel, madugun zomayen labarin, yake. Ƙanensa Fiver ne ya hango bala'in da zai auka wa ramukansu na Sandleford, Blackberry ne ya yi dabarar ɗora gajiyayyu a kan katako su haye rafi, ƙarfi kuwa na Bigwig ne. Abin da Hazel ya iya shi ne sauraro da sanin wanda za a tura wane aiki.

Hujjar tana fitowa sarai a yaƙin ƙarshe. Bigwig ya tokare bakin rami, jini na zuba, ya ƙi matsawa, ya shaida wa Janar Woundwort, mai mulkin ramukan Efrafa, cewa umarnin shugabansa yake bi. Gaban Woundwort ya faɗi, yana zaton akwai wani ƙaton da ya fi wannan. Alhali shugaban shi ne Hazel, gurgun zomon nan da ya zo masa da tayin sulhu ya raina shi. Wanda ya gina Efrafa a kan tsoro ba ya iya hango biyayyar da ba duka a bayanta.

Batun 'yanci ma Adams bai tsaya ga kama-karya kaɗai ba. Zomayen ramin Cowslip ƙosassu ne, manomi na zuba musu karas yana ɗana tarko, su kuma sun haramta tambayar ina wane ya shiga. Wannan bautar ta fi ta Efrafa wuyar ganewa.

Littafin yana da aibi: matan zomaye sun shigo ne a makare, galibi don haihuwa, in ban da Hyzenthlay. Duk da haka ya cancanci a mayar da shi Hausa, kuma manazartanmu na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su ne ya kamata su ɗauki aikin.