Kwalba da Inji: Tarihin Man Mota da Masu Gyara a Kwatano

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Cadjèhoun cikin shekaru arba'in ɗin nan da suka shige, ya kama hanya ya nufi Zongo inda 'yan'uwansa Hausawa suke, kafin idonsa ya faɗa kan hasumiyar masallaci, ko kunnensa ya ji sallamar mai masauki, lalle ya ga kwalabe manya da ƙanana jere bisa tebura a bakin titi, rana tana ratsa su, ruwan cikinsu yana ɗaukar ido kamar zuma. Wannan shi ne fetur ɗin da mutanen ƙasar Benin suke kira kpayo, watau abin da ba na ainihi ba, kuma a kansa ne sana'ar gyaran inji ta girma a garin nan na Kwatano.

Asalin zaman Hausawa a wannan ƙasa ya girmi mota nesa ba kusa ba, domin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou. Da Faransawa suka shimfiɗa dogo daga bakin teku har ya kai Parakou a 1936, sa'an nan aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, sai akalar fatauci ta juya kudu, kayan Nijar suka riƙa bi ta nan, jikokin masu jakuna suka zama masu manyan motoci da dillalan ƙanana. Har yau in Bakano ya ce motarsa 'yar Kwatano ce, ya san abin da yake nufi: ta yi zamaninta a Turai ko Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta huta a filayen da ke hanyar Sèmè, kana ta tsallaka iyaka, ko da yake Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017.

Motoci suna tafiya gabas, mai kuwa yana zuwa yamma. A 1974 gwamnatin Mathieu Kérékou ta karɓe cinikin mai daga hannun kamfanonin waje ta kafa kamfanin SONACOP, amma da tattalin arziki ya durƙushe cikin shekarun 1980, albashi ya yi wuya, alhali kuwa Nijeriya tana sayar da fetur da rangwame, sai talaka ya gane cewa tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ce gonarsa. Aka riƙa ɗauko shi cikin jarkoki, a kan babura da cikin kwale-kwale, har ya zamana mafi yawan man da ake ƙonawa a ƙasar ba daga gidan mai yake fitowa ba. A zamanin ne kuma 'yan acaɓar da ake kira zémidjan, masu rigunan ruwan ɗorawa, suka cika Kwatano da baburansu waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, hayaƙinsu yana rufe mahaɗar hanyoyi kamar hazon hunturu.

To, makanikin da ya tashi a cikin wannan hali, wanda bai taɓa sanin haƙiƙanin abin da aka zuba a tankin da ke gabansa ba, ko tsantsa ne, ko an sirka da kananzir, ko ruwa ya shiga jarka a kan tafki, dole ya mai da kunnensa ma'auni. Ya kwance kabiretar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya busa ramukanta, ya murɗa noti kaɗan yana sauraro, ya zare fulogi ya dubi launinsa: in baƙi ne mai ya yi yawa, in ya yi fari fat iska ta rinjaya. Ilimi ne da ake karɓa daga maigida kamar yadda almajiri yake karɓar karatu, da ladabi da daɗewa, kuma asasinsa guda ne, watau adalci tsakanin iska da mai.

A can wata duniya kuwa, ana ta muhawara a kan wani ruwa dabam. Tun farkon ƙirar mota masana sun san cewa etanol, wanda ake tatsa daga rake ko masara ko rogo bayan sun yi tsami, yana hana inji ƙwanƙwasa, amma a 1921 aka gano a Amurka cewa sinadarin dalma yana yin wannan aiki da ɗan ɗigo kawai, sai aka zaɓe shi, bil'adama suka yi ta shaƙar guba shekara da shekaru, ba a raba fetur ɗin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara da dalma ba sai farkon 2006. Tsadar mai ta 1973 ce ta farkar da Barazil, ta kafa shirinta na man rake a 1975, ta fito da Fiat 147 mai shan etanol zalla a 1979, sa'an nan a 2003 ta kawo motar da ke karɓar kowanne daga cikin fetur da etanol. Zimbabuwe ta fara gaurayawa a 1980, Malawi a 1982, Nijeriya ta rubuta manufar kashi goma cikin ɗari a 2007, Benin kuma ga gonar rake a Savè wadda ita da Nijeriya suka haɗa hannu suka kafa; sai dai a wannan gaɓar teku etanol bai zo ta famfon gidan mai ba tukuna, ta jikin motocin da aka ƙera dominsa ya zo.

Domin kuwa mota tana sauka daga jirgi da murfin tanki ruwan ɗorawa an rubuta E85, alamar cewa tana iya shan gaurayen da etanol ya kai kashi 85 cikin ɗari, wata kuma tana zuwa da ƙaramin inji mai turbo, wanda ba kome ba ne face zugazugin maƙera da hayaƙin salansa yake juyawa domin ya tura iska cikin inji da ƙarfi. Iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, zafi kuma yakan sa mai ya kama wuta kafin fulogi ya ba shi izini, fistan ya sha duka har ya fashe. A nan ne falalar etanol take, saboda yana jure matsi fiye da fetur, yana kuma sanyaya ɗakin wuta sa'ad da yake zama tururi. Amma kowace falala da sharaɗinta. Ƙarfin da ke cikin litarsa ya gaza na fetur da wajen sulusi. Kilo guda na fetur yana bukatar iska kilo 14.7, na etanol kuwa kilo 9 kacal. Saboda haka wanda yake son ya juya inji zuwa E85 wajibi ne ya ƙara yawan man da ke shiga da kimanin kashi 30 cikin ɗari, ya sa famfo mai ƙarfi da nozul masu faɗi, ya sauya tsofaffin tiyo na roba da etanol yake ci, kana ya sake wa ƙwaƙwalwar motar lissafi da kwamfuta. In ya yi ɗaya ya bar ɗaya, inji ya ji ƙishi yana cikin gudu, ya narke. Ga shi kuma etanol yana jan ruwa daga iska, Kwatano kuwa gari ne mai laima, in ruwan ya yi yawa sai gaurayen ya rabu, ruwa da etanol su kwanta a gindin tanki inda famfo yake sha.

Mai taƙawa zai tambaya, ashe wannan ba shi ne ruhin giya ba? Shi ne, kuma malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan najasarsa, kamar yadda magabata suka yi dogon bahasi a kan giyar da ta rikiɗa ta zama khalli. Sai dai wanda ake zubawa a mota ana ɓata shi da fetur tun a masana'anta domin kada ya shawu, kuma da yawa daga malaman zamani sun halatta amfani da shi a abin da ba sha ba. Abin da babu saɓani a kan haramcinsa shi ne algus da tauye mudu. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Nijeriya daga Beljiyam wanda metanol, ɗan'uwan etanol mai dafi, ya yi masa yawa, injuna suka lalace, layukan mai suka yi makonni, ba don gaurayawa laifi ce ba, sai don an gauraya ba a faɗa ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya shelanta ƙarshen tallafin mai a Nijeriya, farashin kpayo ya kusan ninkawa cikin kwanaki kaɗan, a watan Satumba kuma gobarar wani rumbun mai a Sèmè-Kraké ta ci rayuka fiye da talatin, Allah ya kyauta ƙarshenmu. Zamanin arha ya juya baya, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a waiwayi raken Savè da rogon ƙasar nan. Abin da nake roƙon masu garejinmu na Zongo da Cadjèhoun shi ne su koya wa yaransu wani gwaji mai sauƙi: a sami kwalba mai zane-zanen awo, a zuba ruwa kashi goma, a cika da mai zuwa ɗari, a girgiza, a ajiye; etanol zai bar fetur ya bi ruwa, gwargwadon hawan ruwan bisa zanensa na farko kusan shi ne gwargwadon etanol ɗin da ke ciki. Kunnen maigida ya yi wa kabireta hidima shekara arba'in, amma inji mai turbo ba ya jiran a saurare shi, sai an auna tun kafin a zuba. Ta haka kwalbar nan da aka daɗe ana saye a cikinta bisa zato za ta zama mizani a hannun mai amana.