Daga Katin Asibiti Zuwa Kwamfuta a Jigawa

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Dutse ya san ɗakin kati. Nan ake fara tsayawa, a biya, a karɓi ɗan ƙaramin kati mai lamba, sannan ma'aikaci ya shiga laluben fayil a cikin kantoci. In an dace, fayil ya fito. In ba a dace ba, sai a buɗe sabo, kuma tarihin ciwon mutum ya koma farko kamar bai taɓa zuwa ba.

Wannan tsari na fayil ɗaya ga mutum ɗaya ya samo asali a asibitin Mayo da ke Amurka a 1907, kuma irinsa Jigawa ta gada lokacin da aka cire ta daga Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Asibitocin Birnin Kudu da Jahun da na Dutse duk da takarda da biro suka tashi.

Sauyi na farko ya zo ne ta wajen alƙaluma. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitocin karkara da manyan asibitoci a gundumomi tara. Ma'aikata suka riƙa cike rajistar haihuwa, rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, su tura duk wata. A farkon shekarun 2010 Najeriya ta rungumi manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, sai alƙaluman ƙauyukan Kiyawa da Miga suka fara isa Abuja ta intanet.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. A yadda ake amfani da ita wajen rahoton wata-wata, wannan manhaja tana ƙidaya yawan matan da suka haihu ne, ba ta riƙe tarihin mace ɗaya. Mai juna biyu da aka turo daga ƙauye zuwa Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, sau da yawa ƙaramar takarda kawai take riƙe da ita. Likitan da ya karɓe ta da tsakar dare yana buƙatar sanin hawan jininta na watan jiya, rukunin jininta, da maganin da jikinta ba ya so. Fayil na kwamfuta da ke bin mutum daga asibiti zuwa asibiti shi ke ba da wannan amsa cikin minti ɗaya, ya kuma rage maimaita gwaji da kuskuren karanta rubutun hannu.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta adana bayanan marasa lafiya da sirrinsu, dokar kare bayanai ta 2023 ta ƙara ƙarfafa hakan. Sai dai kwamfuta ba ta aiki da doka kaɗai. Tana son wuta, ƙwararren ma'aikaci da layin intanet mai ɗorewa.

Muna kira ga gwamnatin jiha da ta fara da sola da horar da ma'aikatan ɗakin kati, domin su ne ke riƙe da tarihin lafiyar talaka.