Labarin Dorugu, Bawan Da Ya Koya Wa Turawa Hausa

Ya ku 'yan makaranta, wanda ke sintiri tsakanin Bauranya da Kankiya da Kusada, ba ya tsoron kowa ya kama shi ya sayar, ya kamata ya san ba haka ƙasar nan ta ke a dā ba. A 1851 wani Bature ɗan Jamus, Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kusada daga Katsina za shi Kano. A zamanin nan ana ciniki da mutum a kasuwa kamar yadda a ke ciniki da akuya.

To, cikin waɗanda wannan masifa ta faɗa wa har da wani yaro Bahaushe, sunansa Dorugu, mutumin Dambanas kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Bai ko balaga ba aka kama shi, aka raba shi da ubansa da danginsa. Wannan ya sayar wa wancan, har ya tsinci kansa a Kukawa ta Barno. Can ne Overweg, abokin tafiyar Abdulkarim, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Margi wai shi Abbega. Ba a daɗe ba Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852.

Daga nan yaran suka bi Abdulkarim har Tambutu, kāna suka ƙetare Sahara, suka isa Ingila a 1855. Wani limamin Mishan, Schön, ya ɗauki Dorugu ya ajiye a gidansa. Yaro na faɗi, dattijo na rubutawa, kalma bayan kalma, tatsuniya bayan tatsuniya. Da taimakonsa aka juya sassan Linjila zuwa Hausa, aka yi littafin nahawu na 1862 da ƙamus na 1876. Labarin rayuwarsa kuwa, yadda ya faɗe shi da bakinsa, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ni dai a ganina an cika yabon malamin an manta da yaron, alhali kuwa da yawa daga cikin Hausar daga bakinsa ta fito.

Mu Kirista in mun buɗe Littafi Mai Tsarki da harshenmu, wanda aka kammala a 1932, mukan gode wa Allah, daidai ne kuwa. Amma a tuna cewa tushen aikin nan yana wurin yaron da ya rasa gida da dangi kafin ya sami 'yanci. Shi ya dace da mai fansarsa. Dubbai da aka kora tare da irinsa ba wanda ya rubuta ko sunansu.

Sai a 1901 Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Ko da haka bauta ba ta mutu sarai a doka ba sai 1936.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi ta aikin tafinta. Da tsufansa ya koyar da karatun boko a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, Kano, wadda aka buɗe a 1909. Can ya rasu a 1912.